Keke Mai Kujera na Alhaji Mamman

Har gobe ban manta da safiyar da aka turo wani baƙon keke cikin garejinmu na unguwar Kpebie a Parakou ba. Ranar Litinin ce, damina ta yi nisa, ƙasa sai ƙamshin ruwa take yi. A lokacin shekarata uku da gama koyon aiki. Ga wanda bai san tsarinmu ba, a gareji akwai patron, wato maigida, sai ma'aikata irina da aka riga aka sallama da takarda, sai masu koyo. Ni ɓangaren wuta aka bar mini: wayoyin moto (wato babur), batir da fitilu.

Keken ba irin wanda muka saba gani ba ne. Maimakon sirdi, kujera gare shi mai majingina, ƙasa-ƙasa, fedarsa kuma tana can gaba, ta yadda mai tuƙi zai kishingiɗa ya miƙe ƙafafu kamar mai hutawa a gindin mangwaro. 'Yan zemijan, wato masu haya da moto, da ke jiran a gyara musu moto suka kewaye shi suna dariya.

Mai keken dattijo ne, Alhaji Mamman, tsohon dillalin shanu daga Djougou. Ya zo yana dogara sanda, tare da 'yarsa Hajiya Rabi. A gidanta yake zaune tun da aka yi masa aiki a ƙugu. Ita ta sayo keken wurin masu gwanjo, saboda likita ya ce ya riƙa motsa ƙafafu, ga shi kuma ba ya iya ɗaga ƙafa ya hau moto ko keke na sosai.

Maigidanmu Lawali ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace a jikinsa," in ji shi. "Ni ne na lalace. A fili ina tuƙa shi, amma da na ga tudu sai ƙugu ya ƙi. An ce kuna da wanda ya san wuta. Ina so a sa masa abin da zai riƙa tura ni."

Hajiya Rabi ta ja maigida gefe, amma na ji abin da ta ce. "Patron, in kun san zai kayar da shi, ku ce masa ba ya yiwuwa. Likita ya ce in ya sake faɗuwa, ya zauna ke nan."

Maigida ya dube ni. "Isuhu, za ka iya?"

Ban taɓa yi ba, amma na ce zan iya.

Ga yadda aikin ya tafi. Na samo injin wani ƙaramin moton lantarki da ya mutu, irin injin da ke zama a tsakiyar taya. Na kwance tayar baya ta keken, na ɗaura ta a kan injin, ina ɗaure wayoyin tayar ɗaya bayan ɗaya, har ta daina rawa. Batir kuwa na haɗa shi ne da ƙananan batura da na ciro daga tsofaffin kwamfutoci. Kowane ɗaya sai na caja shi, na auna, na ajiye shi kwana biyu, na sake aunawa. Wanda ƙarfinsa ya sauka in jefar. Wannan kaɗai ya ci mini mako biyu. Na jera su a akwatin ƙarfe da na shimfiɗa wa roba, na ɗaure a ƙarƙashin kujera don nauyi ya zauna ƙasa. Sai na sa totur a hannun dama, na kuma haɗa wayar birki yadda da an matsa shi wuta za ta yanke.

Gwajin farko ya ba ni kunya. Ina murɗa totur sai injin ya juya ƙarfen tsakiyar taya a mazauninsa, ya tsinke wayoyi. Maigida bai yi faɗa ba. Ya ɗauko tsohuwar sufana, ya yanke ta, ya kafa bakinta a kan ƙarfen, ya ɗaure wutsiyarta a jikin keke. Ya ce, "Ka yi tunanin wuta, ka manta da ƙarfe." Daga nan ƙarfen bai sake motsi ba.

Washegari da sassafe na fita da keken. Ni da na saba da ƙarar moto, sai na ji shiru, ba abin da nake ji sai ƙasa tana rugurguzawa a ƙarƙashin taya. Kuma da yake a kishingiɗe nake, sama na riƙa gani: rassan mangwaro suna wucewa, gajimare yana bi na a hankali. Shekaru ina bin wannan hanya, ban taɓa sanin akwai sheƙar tsuntsaye a kanta ba. Na murɗa totur har ƙarshe, na wuce wani ɗan zemijan, ya bi ni da ihu. Na dawo gareji kaina ya kumbura.

Da Alhaji ya zo, na yi ta zagaye a gabansa da gudu don ya gani. Ya bari na tsaya, sannan ya ce, "Isuhu, ka taɓa bin garke?"

Na ce a'a, Baba.

"To zauna." Na zauna a kan tsohuwar taya. Ya ce akwai wani makiyayi, Buba, a wata ruga bayan Kolokonde. Tun suna samari yake sayen shanu a hannunsa, tare suka sha tafiya a ƙafa daga kasuwa zuwa kasuwa. Yanzu idanun Buba sun rufe, ba ya fita. Damina biyu ke nan ba su haɗu ba. Mota ba ta shiga hanyar rugar, moto kuma shi ba ya iya hawa. "Can nake son zuwa," ya ce, "kuma ba sauri nake ba. Ka sa ya riƙa tafiya irin ta shanu in sun ƙoshi. In ya fi haka, ba nawa ba ne."

Raina bai so ba, don gudun nan shi ne abin alfaharina. Amma na buɗe akwatin da ke rarraba wuta, na rage ƙarfin totur har sai da mai sassarfa zai iya jerawa da keken, na bar masa ƙarfin hawan tudu. Hajiya Rabi ta sa na zagaya sau uku a gabanta, tana tafiya a gefena, kafin ta ce ta yarda.

Dokar maigida ce, irin wannan aiki ba a miƙa shi sai an gan shi a kan hanyar da zai riƙa bi. Don haka da kaka ta shigo Alhaji ya koma gida, sai aka ɗaure keken a saman motar haya, na raka shi Djougou. Na kwana a zauren Alhaji, batir yana caji.

Rana na fitowa muka kama hanya, shi a gaba, ni a baya da moton aro da jakar kayan aiki. Raɓa ba ta bushe ba. Dawa ta sunkuyar da kai, kunyoyin doya sun jeru har inda ido ya ƙare, hazo yana kwance a tsakanin itatuwan kaɗanya. Alhaji na kishingiɗe cikin farar riga, ƙafafunsa suna juyawa a hankali, sai ka ce ruwa ne ke tafiya da shi. Mata masu ɗauke da itace suka riƙa tsayawa suna kallo, shi kuma yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, don tafiyar ta ba shi lokacin gaisuwa.

Bayan Kolokonde muka bar jar hanya muka shiga ta ƙafa. Akwai wani rafi da ya janye, da tudu mai tsakuwa a ƙetarensa. Nan na ce, "Baba, ku sauka in tura muku." Ko waiwaye bai yi ba. Ya yi bisimilla, ya murɗa totur, ya taka feda. Tayar baya ta ɗan zame, sai ta kama ƙasa, keken ya haye sannu a hankali. A saman tudun ya tsaya yana dariya, hawaye na zubo masa.

Da muka hango bukkoki ya ce in kashe moto. Na jingine shi a jikin ɗorawa na bi shi a ƙafa. Ya ratsa tsakiyar shanu, ko ɗaya ba ta razana ba.

Buba yana zaune a kan tabarma a ƙofar bukka, siriri, fuskarsa tana fuskantar rana. Alhaji ya tsaya dab da shi ya yi sallama. Tsohon ya karkata kai.

"Mamman?" ya ce. "Ban ji mota ba, ban ji moto ba, ban ji takun ƙafa ba. Da ranka ka zo, ko mafarki nake?"

"Miƙo hannu ka ji," in ji Alhaji.

Suka riƙe hannun juna, sun daɗe ba wanda ya saki. Daga baya Buba ya shafa keken tun daga kai har taya, yadda ake shafa bijimi a kasuwa, ya ce ƙashinsa mai kyau ne amma ba shi da tozo. Aka kawo mana nono. Suka koma Fulatanci, ni kuma na kwanta a inuwa ina jin muryoyinsu har barci ya ɗauke ni.

Ku da kuke koyon aikin nan yanzu, abin da na ɗauko daga wannan tafiya ke nan. Mu masu gyara muna son nuna iyakar abin da hannunmu ya iya, shi ya sa muke saurin kama sufana tun mai kaya bai rufe baki ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini aiki, sai na ba shi wurin zama, na ajiye abin da ke hannuna, na bar shi ya gama magana. Sau da yawa abin da ya kawo shi yana cikin maganarsa ta ƙarshe.