Ranar da Malam Nafi'u ya miƙa mini abin yanka cerut

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Malam Nafi'u, mijina na fari, amma har yau in na rufe ido ba fuskarsa nake fara gani ba. Wani ɗan ƙarfe nake gani, mai rami a tsakiya da kaifi biyu, yana ƙyalli a kan teburin karatunsa a gidanmu na Setapak, a makon da na sauka Kuala Lumpur ina amarya. Na zaci wani irin zobe ne ya saya mini, har na zura yatsa a ramin. Sai na ji tsawarsa daga bakin ƙofa: "Ke! Yatsan kike so ki bar wa Malesiya?"

Abin yanka cerut ne, wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla. Ranar na sha kuka. A littattafan da na taso ina haya a kasuwa, mugu ne ke shan taba. Jarumi ƙamshin turare yake yi, kuma ba ya shafi uku bai gaya wa yarinya ita ce hasken idonsa ba. Ni da na tsallako teku da rabin akwatina littattafai, sai ga ni da malamin lissafi da aka turo ƙaro karatu, wanda in na ce masa "masoyina" sai ya ɗago kai daga takardu ya ce, "Lafiya, Hajiyar littafi?" Abu ɗaya na ƙulla a raina: sai na ji ya ce yana so na, da bakinsa.

Ya daɗe yana shan sigari tun yana saurayi, ya bari, abin da ya rage masa cerut guda ran Asabar bayan la'asar, a baranda. Yana can yana busa nasa, ina ciki ina zuba turaren wuta a kasko, hayaƙina da nasa suna kokawa a bakin labule.

Wata Asabar na ce bari in yi irin na matan littafi, in shirya masa komai kafin ya dawo daga masallaci. Na ɗora cerut a kan katakon yanka albasa, na ɗauko wuƙar kicin, na fille masa kai. Nan take ganyen ya fara warwarewa kamar ɗankwalin da bai ɗauru ba. Ya shigo ya tsaya a kaina yana kallo, sannan ya ce, "Miyar kuɓewa za mu sha yau?" Ban taɓa jin ya yi dariya irin ta ranar ba.

Da dariyar ta lafa ya ɗauko wani ya nuna mini. A rufaffen kan akwai 'yar hula ta ganye da aka manna, ita ke riƙe da naɗin duka. Saman hular kawai ake cirewa, kaurin farce, kafin inda kan ya fara faɗi. In an zarce nan, ganye ya warware. In an yi rowar yankan, hayaƙi ba zai ja ba. Ana ɗan jiƙa kan da leɓe don kada ya tsage, a saita kaifin, a matse sau ɗaya da ƙarfin zuciya, domin hannun da ya yi shakka murƙushewa yake yi, ba yanka ba. Maganar da ya yi mini ranar ta fi duk wadda ya yi a watan. Amma bai sake bari na taɓa ƙarfen ba, kallo kawai nake yi.

Wani lokaci in na ga samarin yanzu sun kewaye tukunyar shisha, ko suna zuƙar 'yar sandar nan ta lantarki suna tafe suna latsa waya, nakan tambayi kaina me zai ce. Na san zai ga garajensu. Amma na fi zaton shiru zai yi, ya janye wuyan rigarsa ya nuna musu tabon aikin da aka yi masa a maƙogwaro. Kada mai karatu ya ɗauka yabon taba nake yi. Ita ta raba ni da shi.

Da dishewar murya abin ya fara, muka ce ruwan sanyi ne. Da aka je asibiti likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Aka yi aiki, aka ceci numfashinsa, murya ta tafi. Daren farko da ya dawo gida ina ba shi kunu a cokali ina jin kunyar kaina, domin ban da tsoron rasa shi, akwai wani ƙaramin baƙin ciki da ya ƙi barina: shi ke nan, ba zan taɓa ji ba.

An hana shi kunna taba, bai kuma kunna ba. Sai dai duk Asabar yakan yanka cerut ɗinsa, ya riƙe tsakanin yatsu yana shanshana. Wata Lahadi, da jiki ya ɗan yi sauƙi, muka je bakin tafkin Titiwangsa inda iyalan Hausawa kan shimfiɗa tabarmi. Ya fito da cerut da ƙarfen, amma ciwo ya ci ƙarfin hannunsa, kaifin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya gwada, ya sake gwadawa. Sai ya juyo ya miƙa mini duka biyun. Na jiƙa kan, na saita, na yi bismillah a zuci ban san ko ya dace ba, na matse. Hular ta faɗo a cinyata. Ya karɓa ya jujjuya yankan a haske, ya gyaɗa kai.

Daga nan ya miƙe da ƙyar, ya kama hannuna. Mutumin da ko a Jalan Masjid India, titin kasuwar nan mai cunkoso, yana gaba ina baya, sai ga shi yana tafe da ni a bakin ruwa, yatsunsa cikin nawa, a gaban kowa. Maman Ilham, maƙwabciyarmu, ta ɗaga murya: "A'a, Malam, yau kuma Indiya muka koma?" Mata suka kwashe da shewa. Bai saki ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ni sai bayan an binne shi a can, cikin ƙasar da ruwa ba ya ɗauke mata, na yarda da su.

Digirin bai kammalu ba, takardunsa suna akwati. Ƙarfen ma ya ɓata a wata ƙaura. Abin da ya saura ɗan kaɗan ne, amma bai tsufa ba: yadda yake yin ƙaramin abu da dukan hankalinsa, da nauyin hannunsa ranar Lahadin nan.

Ni kuwa na dawo Kano, bayan shekaru na sake aure. Maigidana mutumin kirki ne mai daɗin baki, kalmar da na yi shekara huɗu ina jira yanzu ina jin ta tun kafin karin kumallo. Da na gaya masa zan rubuta wannan, sai ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ki rubuta, ya fi ni iya faɗa."