Babur Ɗin Da Ya Hana Ni Ɗaga Hannu

A cikin abubuwan da Allah Ya nufe ni da gani, akwai wata tafiya daga Ƙofar Jatau zuwa Gyallesu wadda ba za ta goge daga zuciyata ba, alhali tsawonta bai kai na karatun izu ɗaya ba.

Ɗan ƙanena injiniya ne. Shi da abokan aikinsa suna ƙera babur mai aiki da lantarki, wanda za a ajiye a bakin ƙofofin gari, mai bukata ya ɗauka ya goya ɗan'uwansa, in ya gama ya mayar wani ya ɗauka. Babbar damuwarsu ita ce wanda aka goya, domin shi ya fi saurin faɗowa. Saboda haka suka sa mariƙi biyu a gefen kujerar baya, suka tsara cewa da zarar mutum ya saki ɗaya, babur ɗin ya ja birki da kansa.

Wata Asabar ni ne waliyyin amarya, 'yar wani aminina da ya rasu ya bar mini amanarta. An sa ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya a Gyallesu, dangin ango kuwa daga nesa suka zo, a ranar za su koma. Motar da za ta ɗauke ni ta ƙi tashi. Ina tsaye a ƙofar zaure sai ga injiniya a kan abin nasa.

"Baba Malam, hau in kai ka. Minti goma ya ishe mu."

Na ce, "An taɓa gwada shi da tsoho?"

Ya ce, "Kai ne na farko, albarkarka muke nema."

Na cire rawani na sa hular kwano, na tattare babbar riga, na yi addu'ar hawa, muka tashi ba ƙara ba hayaƙi. Ba mu wuce gida uku ba wani maƙwabci ya yi mini sallama. Na ɗaga hannu na amsa, yadda na saba shekara hamsin. Babur ya tsaya cak, hular kwanona ta gwabri ta injiniya.

"Baba, kada ka saki!"

"Ban saki ba, sallama na amsa."

Wanda ya san Birnin Zariya ya san abin da ya biyo baya. Tela ya gaishe ni, muka tsaya. Mai hatsi ya gaishe ni, muka tsaya. Hannun nan ya riga ya haddace aikinsa, ba ya jiran izinina. Da na ga lokaci yana ƙurewa sai na damƙe mariƙan biyu, na koma amsawa da baki kawai. Nan ne wani abokin karatuna, tsoho mai tsokana, ya ɗaga murya daga dakalinsa:

"Iye! Malam ya hau lantarki, hannu ya yi nauyi!"

Kafin in ankara na ɗaga masa hannu biyu. Wannan karon saura ƙiris mu kwanta a kwata.

Mun isa an fara duban agogo, wakilin ango har ya miƙe. Na naɗa rawani a gaggauce, aka ɗaura aure, na sauke amanar aminina.

Da muka natsu injiniya ya ce, "Laifinka ne, Baba. Ƙa'idar a fili take."

Na ce, "Ƙa'idar tana da kyau, kiyaye rai wajibi ne. Amma amsa sallama ma wajibi ce. Da wa kuka gwada kujerar nan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da buhun yashi."

"To, buhun yashi ba shi da maƙwabta."

Bayan 'yan watanni ya dawo da wani sabo. Sun sa majingina a baya, hannu ɗaya ya wadatar, in an saki biyun kuma a hankali yake rage gudu. Sun ma rufe ƙafar baya saboda masu babbar riga da hijabi. Na hau, na gaisa da unguwa kaf, ba mu tsaya ba.

Na yi wa injiniya dariya, amma darasin ni ya fi kamawa. Sau nawa na ba da fatawa daga kan buzuna, hukuncin daidai a littafi, ban tambayi halin wanda zai ɗauke shi ba? Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini mas'ala, sai na fara sanin unguwarsu da sana'arsa da mutanen da yake zaune da su kafin in buɗe baki, don kada in yi wa buhun yashi hukunci.