Shuɗiyar Riga Ba Ta Fita

Shekara ashirin da shida Mai Guga ya yi a bayan tebur ɗaya, cikin shagon da bai fi taku huɗu ba. Mutum ne mai tafiya daga tsaye: da ya yayyafa ruwa ya ɗora dutsen guga, tururi ya tashi, shi ke nan hankalinsa ya bi shi, sai ƙauri ya dawo da shi. A cikin tururin yakan ga rigunan da ke rataye suna motsi, suna gaisawa, wata ta kauce ta ba wata hanya. Matarsa, lokacin tana da rai, takan ce da mafarki sana'a ne da tuni ya yi yara goma a ƙarƙashinsa.

Shekara biyu bayan rasuwarta ya ga sanarwa a bango, wai kwaleji na koyar da shirya fim duk Asabar. Ya rufe shago ya je. Duk ajin ya haife su, don haka tun ranar farko suka laƙa masa Kawu.

Ƙa'idar malamarsu ɗaya ce. Kowa ya rubuta tsarin fim na minti biyar ya karanta wa 'yan rukuninsa, kuma wanda ba su sa wa hannu ba, ba zai taɓa kyamara ba. Kawu kuwa kyamarar nan yake so, so na gaske, don akwai abin da ya daɗe yana gani shi kaɗai.

Da ranar karatu ta zo, ya miƙe da takardarsa, wadda har ita sai da ya goge.

“Farar riga ta shigo a gajiye. Baƙin kwat ya tsaya kusa da ita, bai kula ta ba. Rigar makaranta ta kasa zama wuri ɗaya. Da yamma kowa ya tafi gida. Shuɗiyar riga ba ta fita.”

Wani ɗan rukuninsu, Dogo, wanda ba ya iya ganin fim in ba a fasa gilashi ba, shi ya fara magana.

“Kawu, wannan fim ne ko jerin kayan wanki? Sa gobara mana, ko ɓarawo ya shigo.”

Wata yarinya da ake kira Jan Biro, saboda ba takardar da ke fita hannunta lafiya, ta karɓa ta bi layi-layi. Duk inda ya rubuta riga ta soke ta sa mutum. A layin ƙarshe ta rubuta: “Me ya hana ta fita? Ba a gane ba.”

Abin ya yi masa ciwo, ba kaɗan ba. Ya ninke takardar ya ce ya gode. A hanya ya yanke cewa Asabar mai zuwa shagonsa zai buɗe, tsoho ya yi tsufansa.

Ran Laraba da hantsi sai ga Jan Biro a bakin shagon. Wai Malama ce ta ce kada su yanke hukunci a kan tsarin kowa sai sun ga wurin da za a ɗauka. Ta sami kujera ta zauna, shi kuma ya ci gaba da aikinsa. Rana ta shigo ta taga ta ratsa tururin, rigunan suna lilo a hankali.

“Kawu, mai wannan farar wane ne?”

“Ban riƙe fuskarsa ba, 'yata. Amma direba ne. Dubi kwalar, hagu ta fi cinyewa, yawan waiwaye. Kwat ɗin can kuwa ya rame, an matsar da maɓalli sau biyu bana.”

Sai a nan ta gane ba kuskure ya yi ba. Haka yake sanin mutane: ba ya cewa wane ya zo, sai dai farar riga ta zo. Ta ɗaga kai ta ga wata shuɗiyar rigar mata a ƙarshen layi, ba lamba a jikinta, ta fi kowace kwanciya.

“Waccan fa?”

“Ta matata ce. Duk mako nake goge ta.” Ya juya dutsen. “Kada ta yamutse.”

Jan Biro ta ce ya ba ta takardar. Ta bi duk abin da ta soke ta rubuta “a bar shi”, har ta kai ƙasa. Sannan ta tsaya tana kallon hannuwansa, da tabon ƙuna a bayan yatsu.

“Gyara ɗaya ya rage, kuma wannan ba zan janye ba. Ka sa kowa a fim ɗin nan, ka manta da wanda ya rage tare da ita. Sai an ga hannunka, Kawu.”

Ya buɗe baki zai ce shi ba ɗan wasa ba ne, sai idonsa ya faɗa kan shuɗiyar rigar. Shekara biyu yana ganin rigar ce aka bari ita kaɗai a shagon.

Ya karɓi jan biron daga hannunta, ya duƙa a kan teburin guga, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: “Mai guga ma bai fita ba.”