Makullin Kabad ɗin Malam

Ranar Talata, sha ɗaya ga wannan wata, da hantsi, uwargidanka ta kira ni a maɗaba'a ta ce Allah ya karɓi abinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaye gaban injin buga fosta, sai na ce a kashe shi.

Malam, shekara uku ka koyar da ni zanen fosta. Ba ka taɓa yarda da launin da kwamfuta ke nunawa ba. Kullum cewa kake yi sai an gani a takarda. Kakan manna aikinmu a bangon makaranta, ka tsallakar da mu titi, ka ce duk wanda bai iya karanta nasa daga nan ba ya koma ya ƙara wa haruffa kauri. Ranar da na sa rubutu rawaya a kan fari, ka tambaye ni laifin me tsofaffi suka yi mini.

Amma akwai kabad ɗin ƙarfen nan na ofishinka. Duk aikin da ya yi kyau sai ka ɗauke, ka kulle, makullin na aljihunka. Ɗalibai suka fara raɗe-raɗin cewa sayarwa kake yi. Ban yarda ba, sai ranar da na ga zanena, da shuɗin da na sha wahalar haɗawa, a allon tallan wani sabulu. An cire sunana kawai. Ban tambaye ka ba. Na daina zuwa gaishe ka. Sau biyu ka aiko a kira ni, na ce aiki ya yi mini yawa.

Ranar uku da rasuwarka, muna zaman makoki, mataimakin shugaban makaranta ya shigo. Ko addu'a bai gama shafawa ba ya nemi makullin kabad, wai kayan makaranta ne. Uwargida ta ce ba ta san inda yake ba. Da ya fita, ta kwance bakin mayafinta ta miƙo mini makullin.

"Malam ya ce ke za a ba," in ji ta. "Ya ce kada ki je ke kaɗai."

Na je ofishinka da wani ɗan ajinmu, wanda muke kira Mai Buroshi, muka buɗe kabad ɗin. Kowace fosta da sunan mai ita da kwanan wata a baya, da fensir, da hannunka. A ƙasan kabad ɗin muka tarar da kwafin wasiƙu bakwai da ka rubuta wa hukumar makaranta, kana tambayar yadda zanena ya fita daga ɗakin jarrabawa inda aka ajiye shi, ɗakin da ba kai ke riƙe da makullinsa ba. Ba mu ga amsa ko ɗaya ba.

Ba ni da shaida a kan kowa, kuma na riga na yi zargi sau ɗaya na yi kuskure. Amma mun kwashe fostocin kafin la'asar, muna mayar wa kowa tasa. Mataimakin ya kira ni sau huɗu jiya, wai yana tambayar lafiyata, shi da bai taɓa kirana ba.

Ka yafe mini, Malam. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ilimin da ka bari ya bi ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargida da 'ya'yanka da ɗalibanka. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.