Ranar da na ce zan kashe baƙi

Har gobe ban manta da ranar da bakina ya kusa kai ni ofishin 'yan sanda a Kafanchan ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara.

Wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa ne ya kira mu, wai hoton ciki yana daɗewa kafin ya fito. Babbar kwamfutarsu ɗaya ce, amma an raba ta gida uku, kowane kashi yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta. A aikinmu, ta gasken ita ce mai gida, na cikinta kuma baƙi. Matsalar ita ce duk abin da baƙo zai ajiye a faifai, komai ƙanƙantarsa, sai ya ƙwanƙwasa wa mai gida, mai gida ya tashi ya kai. Gyaran kuwa shi ne a sa wa baƙo manhajar da za ta tara saƙonninsa ta miƙa su gaba ɗaya. Kafin a sa ta, dole a kashe shi tukuna.

Na gano wannan da wuri, kaina ya kumbura. A ɗakin kwamfutar babu sabis, sai na fito wurin da marasa lafiya ke jira, na kira shugabana, Oga Bulus, a Kaduna. Na ɗaga murya don a san injiniya ya zo.

"Oga, baƙin nan ne matsalar, sun hana mai gida sakat. Zan kashe su ɗaya bayan ɗaya, kafin yamma na gama."

Ina ajiye waya na ga benci ya zama wayam. Maigadi ya riga ya rufe ƙofa ya damƙe mini riga, Sista Rifkatu, shugabar nas-nas, tana neman lambar 'yan sanda. Ni kuwa, gwani, sai cewa nake, "Ai kashewar ba ta da zafi, za su tashi."

Wata dattijuwa mai sayar da atamfa, Mama Ngozi, ita ce ta tsaya rungume da jakarta. Ta ce, "Yarona, wanene kai za ka kashe? Nuna mini shi."

Aka tasa ni gaba zuwa ɗakin. Na nuna musu baƙin a allo, na kashe ɗaya, na sa manhajar, na kunna. Sista ta buɗe hoton ciki, ya fito nan take. Maigadi ya sake ni yana dariya har da riƙe ciki.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Babana ya yi aikin reluwe a nan. Nan an haife ni, nan an binne shi. Amma da ka ce baƙo, ni ne na fara ɗauka jaka."

Kunya ta rufe ni, na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe mini."

Don haka ku koyi aikin da kyau, amma ku sani kalmomin da muke wasa da su a ofis, a gari irin Kafanchan akwai waɗanda suka taɓa gudu saboda su. Tun daga ranar ban sake kiran wata na'ura baƙo a gaban mutane ba.