Rariyar Alkasum

A biron rabon hatsi na Agadas, inda nake jiran sa hannun wani kumandan soja tun safe, akwai wani siririn mutum mai tabarau ɗaure da zare. Na ji ana kiransa Alkasum. Yana gaban ordinata, wato kwamfuta, yatsunsa sumul kamar ba su taɓa jan guga ba, amma naɗin rawaninsa na makiyayan Ingal ne.

Sunayen magidanta dubu tara da fari ya tagayyara suna kan allon. Yana rubuta wa na'urar umarni layi guda: a tace, a bar masu bisashe ƙasa da biyar, a zubar da wanda ba lamba a gurbinsa.

Sakatariya ta leƙo. "Malam Alkasum, makiyayi ai ba ya faɗin yawan bisashensa, ko akuya ɗaya ta rage masa. Shi ya sa ba lamba."

"Na sani, Indo. Ubana ma bai taɓa faɗa ba. Kumandan ya ce kafin azahar."

Ya danna. Dubu tara ta koma dubu huɗu, ko ƙara babu. Ya ja rawani ya rufe baki, yana bin sauran sunayen da yatsa a hankali, yana neman na ubansa, wanda ya san ba ya ciki.