Na Ga Tirelar Ba Ta Kama Ba, Na Yi Shiru

Edita, lokacin da abin nan ya faru wata biyar ke nan da aurena, ina aiki a wani gareji a Lanham inda rabin aikinmu ɗaura wa motoci ƙarfen jan tirela ne. Na faɗi haka don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani. Surukina, mahaifin matata, direba ne tun a Kano, a nan ƙasar waje da muke zaune kuma yana tuƙa motar kai tsofaffi asibiti. Tuƙi shi ne abincinsa, shi ne mutuncinsa. Ni kuwa irin surukan nan ne da ko ruwa ba sa iya sha a gaban surukinsu, kuma ina ji da wannan tarbiyya tawa.

Wata Asabar ya ce in raka shi wani gari can cikin jihar Virginia mu ɗauko tirelar da ya saya, irin mai gado da wurin girki a ciki, don ya riƙa fita yawo da matarsa Hajiya. Da muka isa, ya yi baya da motarsa sau ɗaya tak, ya tsaya daidai, har mai tirelar ya tafa masa. Sai dai da ya sauke bakin tirelar kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan motar, na ga ƙwallon ya yi wa bakin ƙanƙanta. Ya kulle, amma yana girgiɗi. Sarƙoƙin tsaro biyu da ke riƙe tirela in ta fice ma, ɗaya kawai ya maƙala, don ɗayar ba ta kai ba. Na gani da idona. Na buɗe baki, sai na tuna gaban baƙo muke, na ce a raina wane ni in koya wa uban matata tuƙi. Abin da na iya shi ne na tambaye shi, kaina a ƙasa, ko Baba na so mu ƙara dubawa. Ya yi dariya ya ce tun ba a haife ni ba yake jan kaya. Na ce haka ne.

A kan babbar hanya, muna taka wani gargada, tirelar ta yi tsalle ta fice. Sarƙar ta tsinke. Ta madubi na kalle ta tana tafiya ita kaɗai har ta daki motar wata mata, wadda ta karye a ƙafa. Laifi ya hau kan Baba, wurin aikinsa suka sallame shi, tun ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Yanzu yini yake a falon gidansa a garin Alexandria, yana cewa tsufa ne ya ci idonsa.

Bayan sati biyu ya kira ni gefe, ya tambaye ni ko na lura da wani abu ranar. Na ce a'a. Ya dafa kafaɗata ya ce ai ya sani, da na gani da na faɗa. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Na daɗe ina kiran abin da na yi kunya, alhali tsoro ne kawai da son a ce ina da ladabi. 'Yan uwa, ƙarfe bai san suruki ba. In ka ga babba zai yi kuskure a kan abin da ka sani, ja shi gefe ka faɗa masa, ko da zai yi fushi wata guda. Ni har yau ban gaya wa Baba ba. Matata ma a wannan wasiƙa za ta fara ji, in ta gane ni.